Yadda Ake Zanen Firesko a Kan Ɗanyen Yaɓe, Bisa Hanyar da Ben Long Ya Bi

A cikin duwatsun jihar Karolaina ta Arewa a Amurka akwai wasu ƙananan coci biyu, ɗaya a West Jefferson ɗaya a Glendale Springs, waɗanda a farkon shekarun 1970 masu ibada a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Yau kuwa mutane kan yi takakkiya daga nesa don ganin zanen da ke cikinsu. Wanda ya yi zanen shi ne Ben Long, Ba'amurke da aka haifa a 1945, ya tashi a garin Statesville, ya yi aikin soja a yaƙin Biyetnam, sannan ya tattara ya tafi birnin Florence na Italiya ya durƙusa gaban Pietro Annigoni kusan shekara 8. Annigoni shi ne wanda ya zana shahararren hoton nan na Sarauniya Elizabeth ta biyu a tsakiyar shekarun 1950. Abin da Long ya je koyo a wurinsa shi ne firesko, wato zane a kan yaɓen farar ƙasa tun yana ɗanye.

Shekara 8 ba wasa ba ce, kuma duk wanda ya taɓa gwada wannan aiki zai gane inda shekarun suka tafi. Riƙe buroshi shi ne ƙaramin ɓangare. Kafin a kai nan sai mutum ya zama magini: ya san farar ƙasa, ya san yashi, ya san lokacin da bango ke jin ƙishirwa da lokacin da ya ƙoshi. Wanda ya iya zane bai iya yaɓe ba, aikinsa zai zubo ƙasa.

Abin da ke faruwa a cikin bangon

Fenti na yau da kullum yana da abin da ke manna shi, ko mai ko danƙo ko roba. A firesko garin launi ne da ruwa kawai. Bangon ne da kansa yake riƙe launin. Idan aka ƙona dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza don yin siminti, a zafin da ya kai wajen digiri 900, iskar kabon da ke cikinsa takan fita, dutse mai kilo 100 ya koma wajen kilo 56. Idan aka jiƙa wannan ƙonannen dutse ya zama kwaɓi, aka yaɓa shi a bango, sai ya fara zuƙo iskar kabon daga sarari yana komawa dutse kamar yadda yake tun asali. Duk ƙwayar launin da aka shafa kafin fuskar yaɓen ta ƙulle, cikin wannan sabon dutse za ta maƙale. Dalilin da ya sa ke nan zanen gidajen Pompeii, tsohon birnin Rumawa a Italiya da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, har yau da launinsa.

Zanen da maginanmu suke yi a fuskar gidajen Zariya da Kano da Damagaram wata hanya ce daban: ana fitar da siffa da laka ko siminti, sai ta bushe a bi ta da fenti. Shi ya sa yake buƙatar sabuntawa. Amma idon da ya iya tsara dagi a ƙofar zaure ya riga ya sami rabin abin da ake nema, domin firesko bai tilasta wa kowa zana mutum ba. Yana karɓar zayyana, yana karɓar rubutun larabci, yana karɓar ganye da fure.

Mataki na farko: farar ƙasa

Nan ne mafi yawan masu farawa suke yin asara. Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan farar ƙasa iri-iri ne. Wani alli ne, wani farin yumɓu ne, wani kuma garin P.O.P ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi firesko. Wanda kake nema shi ne ƙonannen dutse wanda in ya haɗu da ruwa yake tafasa, ko kuma garinsa da aka riga aka kashe da ruwa a masana'anta, irin wanda matatun ruwan sha ke amfani da shi. Ka nemi mai yawan sinadarin kalsiyam, domin mai yawan maganiziyam yana jinkirin kamawa.

In ƙonannen dutse ka samu, sa tabarau mai rufe ido gaba ɗaya, da safar hannu ta roba, da riga mai dogon hannu. Ka yi aikin a fili, ka kori yara. Zuba ruwa a gangar ƙarfe, kamar kashi 3 na ruwa ga kashi 1 na dutse, sannan ka riƙa jefa dutsen cikin ruwan kaɗan-kaɗan. Kada ka taɓa juya tsarin ka zuba ruwa a kan tulin dutse, zai yi tartsatsi. Za ka ji yana ƙara, tururi na tashi. Ka riƙa motsawa da dogon itace har ya lafa. Idan ya huce, tace shi da rariya mai ƙananan ido zuwa wata ganga, ka zubar da tsakuwar da ba ta ƙonu ba. In gari ne, sai ka barbaɗa shi cikin ruwa kana damawa.

Daga nan sai jira. Kwaɓin zai kwanta, ruwa ya taso sama. Ka bar ruwa kamar faɗin yatsu uku a kansa, ka rufe gangar ruf don kada iska ta shiga. Wata 6 shi ne mafi ƙaranci ga aikin da kake son ya daɗe, shekara ɗaya ko biyu ta fi. Tsofaffin Rumawa suna da ƙa'idar shekara 3. Tsufan yana sa ƙwayoyin su ƙara laushi, kwaɓin ya riƙe ruwa, ya rage tsagewa. Wanda ya nuna za ka gan shi da kaurin kindirmo mai kyau, yana tsayawa a kan cokalin gini ba ya zuba. Don gwaji a kan ɗan tayil, garin da ya yi mako 2 a ruwa zai wadatar, amma kada ka hau babban bango da shi.

Farar ƙasa tana cin fata, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. In ta faɗa, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 20 a ƙalla, a wuce asibiti.

Mataki na biyu: yashi da bango

Yashin kogi mai kaifi ake so, wanda in ka murza a tafin hannu yake ƙara. Ka wanke shi har ruwan ya fito garau, domin laka tana raunana yaɓe, gishiri kuma yana fitowa daga baya ya yi fari-fari a kan zane. Ka shanya shi ya bushe sarai, ka tankaɗe shi kashi biyu, mai gautsi da mai laushi.

Bango shi ne ran aikin. A 1989 Long ya gama wani babban firesko a cocin St. Peter da ke birnin Charlotte a Karolaina ta Arewa. A watan Fabrairun 2002 wani babban sashensa ya ɓallo ya tarwatse a ƙasa, a daidai lokacin da ake manyan gine-gine a maƙwabtan cocin. Launin bai gaza ba, abin da ke ɗauke da shi ne ya motsa. Wannan labari yana ba ni tausayi duk lokacin da na tuna shi, kuma ya isa ya sa kowa ya duba bangonsa sau biyu.

Mafi kyawun bango shi ne na jan bulo ƙonanne, busasshe, wanda rufinsa ba ya yoyo kuma danshi ba ya hawo masa daga ƙasa. Bulon siminti yana da gishiri a jikinsa. In shi kake da shi, ka kafa ragar ƙarfe marar tsatsa a kan firam, ka bar ɗan sarari tsakaninta da bangon, ka yi yaɓenka a kan ragar. Bangon da aka taɓa yi wa fenti sai an kankare shi har ƙashi. Ga mai koyo kuwa, shawarata ita ce ya manta da bango tukuna. Ya sami tayil na jar laka marar sheƙi, mai faɗin santimita 30, ya jiƙa shi a ruwa ya kwana. Tayil 10 da ka ɓata sun fi bango ɗaya da za ka rushe.

Mataki na uku: yaɓe biyu na ƙasa

Ka jiƙa bango tun daren jiya, ka sake jiƙa shi da safe, har sai ya daina shan ruwa da sauri amma ba ya ɗiga. Haɗin farko kashi 1 na kwaɓin farar ƙasa ne da kashi 3 na yashi mai gautsi. Kada ka ƙara ruwa. Da farko zai yi kamar ba zai haɗu ba, amma in ka ci gaba da sara da dannawa da cokalin gini zai saki. Ruwan da ya yi yawa shi ne uwar tsagewa. Wannan yaɓe jefa shi ake yi da ƙarfi don ya kama, kaurinsa kamar santimita 1, a bar fuskarsa da kaushi. A ba shi mako ɗaya ko fiye.

Na biyu, wanda Italiyawa ke kira ariciyo, kashi 1 ne na farar ƙasa da kashi 2 na yashi. Shi ne ake daidaitawa da dogon katako har bango ya miƙe, a goge shi da katakon shafe a bar shi da ɗan kaushi don na ƙarshe ya sami abin kamawa. Ka tuna ƙa'idar: kowane yaɓe na sama ya fi na ƙasansa yawan farar ƙasa, ya fi shi laushin yashi, ya kuma fi shi siranta.

Mataki na huɗu: zanen takarda

Yayin da bango ke bushewa, kai kuma kana kan takarda. Duk shawarar da za ka yanke, nan za ka yanke ta, domin a kan ɗanyen yaɓe babu lokacin tunani. Ka fara da ƙaramin zane mai launi. Sannan ka faɗaɗa shi a babbar takarda daidai girman bangon. Long ya shahara da zaunar da mutane na gaske yana zana su kafin ya hau bango. A zanen Jibin Ƙarshe, wato abincin dare na ƙarshe da Almasihu ya ci da almajiransa, da ya yi da ɗalibansa a Glendale Springs a 1980, mutanen yankin ne suka zauna masa a matsayin almajiran Almasihu. Wannan ne ya sa fuskokin suke da nauyi irin na mutanen da suka sha rana.

Idan babban zanen ya kammala, ɗora takarda mai shara-shara ka kwafi layukan, ka bi su da allura kana huda, rami kusa da rami. Ka ɗaure garin gawayi ko jar ƙasa a ɗan tsumma. Manna takardar a kan ariciyo, ka riƙa bubbuga ƙullin a kan ramukan. In ka ɗaga, za ka ga zanenka ya fito ɗigo-ɗigo. Ka bi shi da buroshi da jar ƙasa mai ruwa. Wannan jan zane, sinofiya, shi ne zai nuna maka ko tsarin ya zauna a ɗakin. Ka koma bakin ƙofa ka duba. In wani abu ya karkace, yanzu gyaransa kyauta ne.

Sai ka raba aikin zuwa rabon yini, wato abin da za ka iya gamawa kafin yaɓe ya ƙulle. Ka sa iyakar kowane rabo ta bi wani layi da ke cikin zanen, bakin riga ko gefen ganye, don mahaɗin ya ɓuya. Fuska ɗaya tana iya cin yini guda, sararin sama mai faɗin mita 2 ma yini guda. Michelangelo ya yi rufin ɗakin ibada na Sistine a Batikan tsakanin 1508 da 1512 da irin wannan rabo sama da 500. Kullum daga sama ake farawa a gangaro, don abin da ya ɗiga kada ya ɓata wanda aka gama.

Mataki na biyar: launi

Farar ƙasa tana kashe launuka da yawa. Waɗanda suka jure mata mafi yawa daga ƙasa suke: rawayar ƙasa, jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe, ruwan ƙasa mai duhu, koren ƙasa, da baƙin gawayi. Don shuɗi akwai kobalt, don kore mai ƙarfi akwai na sinadarin kurom. Fari kuwa ita farar ƙasar ce da kanta. Kada ka kusanci farin darma. A cocin Assisi na Italiya, wuraren da mai zane Cimabue ya sa shi a ƙarni na 13 sun koma baƙi, har zanen ya juye, haske ya zama duhu. Haka kuma launin da ake kira shuɗin Furushiya yana ɓacewa a cikin farar ƙasa. Duk garin launin da ba ka san asalinsa ba, ka dama kaɗan da kwaɓin farar ƙasa a kwalba ka ajiye mako 2. In ya sauya ko ya dushe, ka rabu da shi.

Ka niƙa kowane launi da ruwa mai tsabta a kan gilashi mai kauri har sai ka daina jin tsaki a ƙarƙashin abin niƙan. Ka haɗa duk launukan da aikin zai ci tun kafin ka fara, kowanne a kwalbarsa da lamba. Firesko yana yin haske sosai in ya bushe, musamman wanda aka haɗa da fari, saboda haka ka shafa kowane haɗi a ɗan tayil mai yaɓe, ka bar shi ya bushe, ka ajiye shi kusa da kai. Da wannan tayil za ka yi hukunci. In ka bi abin da idonka ke gani a jiƙaƙƙen bango, hannun da ka zana yau ba zai yi daidai da fuskar da ka zana jiya ba.

Ranar zane

Ka tashi da asuba. Jiƙa wurin rabon yau sosai. Yaɓen fuska, intonako, kashi 1 ne na farar ƙasa da kashi 1 na yashi mai laushi ko garin marmara. Kaurinsa milimita 3 zuwa 5. Ka shimfiɗa shi ya ɗan wuce iyakar rabon, ka goge da katako a kewaye-kewaye, sannan ka lallaɓa shi da cokalin ƙarfe. Kada ka yi ta gogewa har ya yi sheƙi, domin hakan yana toshe ƙofofin da launi zai shiga.

Ka jira kamar rabin sa'a. Taɓa da ɗan yatsa: in ya lotsa, da saura, in ya tsaya, yana da sanyi, bai manne a yatsa ba, ya yi. Wani gwajin shi ne ka ja buroshi mai ruwa, in ruwan ya shige cikin daƙiƙa kaɗan to bango ya buɗe baki. Ka mayar da takardarka mai huji ka sake bubbuga gawayi, tunda sabon yaɓe ya rufe jan zanen.

Yanzu kana da sa'a 6 zuwa 8 a yanayi mai sauƙi. Ka yi amfani da buroshi mai laushi da dogon gashi. Launin ya zama mai ruwa-ruwa, ka tsoma, ka matse bakin buroshin da yatsu biyu, ka ja sau ɗaya ka ɗaga. Kada ka koma kan wurin nan take, za ka tayar da yaɓen ya cakuɗe da launin ya yi toka-toka. Ka ba shi 'yan mintoci ya sha, sannan ka ƙara wani a kai. Da haka ake gina duhu, shafa a kan shafa. Masu zanen fuska a Italiya sukan fara da koren ƙasa a wuraren inuwa kafin su kawo launin fata. Ka fara da manyan filaye, ka bar ƙananan layuka zuwa ƙarshe.

Can wajen sa'a ta huɗu ko ta biyar akwai wani lokaci da bango yake karɓar komai da daɗi. Da ka ɗora buroshi ya shanye, layi ya fito tsaf. Masu wannan sana'a suna ƙaunar wannan lokaci, kuma a ganina shi ne ladan duk wahalar ganga da rariya. Ka tanadi mafi wuyar aikinka dominsa. Ba ya daɗewa. Da ka ga buroshi ya fara ja, launi yana zama a sama yana ƙyalli ba ya shiga, ka ajiye. Duk abin da ka ƙara bayan nan zai goge da tsumma.

Ga mu da muke da hunturu, wannan lissafi yana raguwa ƙwarai. Busasshiyar iska tana iya ƙulle yaɓe cikin sa'a 3, ta kuma tsattsaga shi. Ka rufe tagogi, ka kashe fanka, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, ka rage girman rabon yini. Damina ta fi dacewa da wannan aiki matuƙar bangon da kansa ba ya jiƙa.

Kafin ka tafi, ɗauki wuƙa mai kaifi ka yanke yaɓen da ya wuce iyaka, ka karkatar da wuƙar don bakin ya zama gangare. Gobe za ka jiƙa wannan baki ka haɗa sabon yaɓe da shi, ka danne mahaɗin a hankali ba tare da ka shafi zanen jiya ba. Wannan haɗi shi ne inda ake gane ƙwararre. A babban aiki ba mutum ɗaya ke yi ba. Lokacin da Long ya yi manyan zane uku a zauren shiga na benen banki mai hawa 60 a Charlotte a 1992, wanda yau ake kira Bank of America Corporate Center, da tawagar mataimaka ya yi, wasu na niƙa launi, wasu na kwaɓi, wani na yaɓe tun kafin mai zane ya iso.

In an yi kuskure

Washegari ka duba aikin jiya da idon gaskiya. In bai yi ba, magani ɗaya ne: ka kankare rabon gaba ɗaya har zuwa ariciyo ka sake. Akwai jarabar a bari ya bushe a rufe laifin da fenti. Leonardo da Vinci ya yi nasa Jibin Ƙarshe a Milan a ƙarshen shekarun 1490 a kan busasshen bango don ya sami damar yin aiki a hankali, kuma tun yana raye zanen ya fara ɓarewa. Ƙananan gyare-gyare a busasshe suna halatta, amma sai bayan wata ɗaya ko biyu, da garin launi da aka dama da kwaiduwar ƙwai da ruwa, kuma ka sani su ne za su fara tafiya.

Bayan an gama, ka kare bangon daga rana da iska mai ƙarfi na mako 2 a ƙalla. A kwanakin farko zai yi dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani haske. Kada hankalinka ya tashi, ruwa ne ke fita ba a lokaci ɗaya ba. Launin gaskiya yana bayyana bayan mako 4 zuwa 6, ƙarfin yaɓen kuma yana ci gaba da ƙaruwa har watanni. Kada ka shafa masa banish ko wani mai, domin bangon yana buƙatar iska ta riƙa ratsa shi. Idan wata 2 ya cika, jiƙa farin tsumma ka goga a wani lungu. In ya fito fari tas, launin ya shiga dutse. In ya ɗauko launi, to ko ka makara wajen shafawa ko farar ƙasarka ba ta nuna ba, sai ka rubuta sa'ar da ka yi wannan wuri da shekarun kwaɓin da ka yi amfani da shi, ka gyara a tayil na gaba.